Gero da Man Gyaɗa Ba Su Yi Laifi Ba

'Yan'uwa talakawa da 'yan kasuwar Batsari da Safana, a yi hattara da masu tallar littattafan rage ƙiba. A 1972 Dokta Atkins na Amurka ya ce a guji hatsi, a ci nama da mai. A 1993 Dokta Ornish ya ce a guji mai, a ci hatsi. Kowannensu ya sha ciniki.

A 2018 Jami'ar Stanford ta bayyana gwajin hanyoyin biyu a kan mutum 609 na tsawon shekara guda. Kusan kunnen doki aka yi, kilo 6 da kilo 5. Dukansu kuwa an hore su da rage sukari da fulawa, su ƙara ganye.

To, wannan har sai an sayi littafi? Ku riƙe kuɗinku, jari ne.