Ba Kowane Ɗingishi Ne Ke Kai Bijimi Mahauta Ba

A ƙasar Bagudo, daga Illo da Lolo da ke gaɓar Kwara har Ka'oje da Tsamiya da ke fuskantar Segbana ta Jamhuriyar Benin, ƙafar dabba jari ce. Da ita bijimi ke jan garma da amalanke, da ita garke ke cin zango zuwa mashaya. Ranar da ɗaya daga cikin shanun huɗa biyu ya fara jan ƙafar baya a farkon damina, aikin gona ya tsaya. Abin da ke biyo baya sananne ne: a ce jijiya ce, a ƙona wurin da ƙarfe mai zafi, in abin ya ƙi a kira mahauci ya saya yadda ya ga dama. Ko a kara darajarsa ta faɗi, domin dabbar da gurguntarta ta bayyana ba ta isar wa layya.

Asarar tana somawa ne daga kalmar. A Hausa, jijiya suna ne na abin da ke ɗaukar jini, da wanda ke kai saƙon ji, da wanda ke ɗaure tsoka da ƙashi, da wanda ke ɗaure ƙashi da ƙashi. Wanda ya ce jijiya ce bai faɗi wurin ciwon ba.

Ƙafar baya tana da manyan gaɓoɓi uku: ta kwatangwalo, ta gwiwa, da ta dunduniya. Gaɓar nan mai tsini da ke lanƙwashe ta baya, wadda mutane da yawa ke ɗauka gwiwa ce, dunduniya ce. A kanta agara ke sauka. Gwiwar gaskiya tana can sama, kusa da kwiɓi, inda ƙashin cinya ya haɗu da na ƙwauri, ƙoƙon gwiwa na zamewa a gabansu.

A nan dabbobi suka bambanta. Tunkiya da akuya da kare suna da jijiya ɗaya da ke ɗaure ƙoƙon gwiwa da ƙashin ƙwauri. Saniya da doki suna da uku: ta ciki, ta tsakiya da ta waje. A doki, ƙoƙon kan hau wani tudu a ƙarshen ƙashin cinya, jijiyar ciki ta sarƙe shi a can, gwiwa ta kulle. Wannan na cikin dalilan da doki ke iya gyangyaɗi a tsaye. Doki kuma yana da wata ƙarin jijiya a kwatangwalo da ke hana ƙafarsa buɗewa sosai, shi ya sa harbinsa ya fi zuwa ta baya. Saniya ba ta da ita, don haka takan shammaci mai tatsa ta gefe.

Kullewar da ke hutar da doki kan zama cuta ga bijimi idan ƙoƙon ya hau ya ƙi saukowa. Alamarta a fili take. Ƙafar ta sandare ta miƙe baya, dabbar na jan bakin kofato a ƙasa, can sai ta saki da fizga. Abin ya fi tsanani da safe ko bayan doguwar tsayuwa, ya lafa in an yi tafiya, kuma ya fi kama dabbar da ta rame, irin ramar ƙarshen rani. Maganinsa ƙaramin aiki ne: likitan dabbobi ya kashe zafin wurin da allura, ya tsaga fata kaɗan, ya datse jijiyar ciki, sauran biyun su riƙe gwiwar. Sau da yawa dabbar kan taka daidai a ranar. A ƙauyukan Indiya an daɗe ana yi wa shanun noma da ɓaunar gida wannan aiki a fili, ba tare da ɗakin tiyata ba.

Akwai kuma ɗingishin da jinyarsa ɓata kuɗi ce. Idan aka sare agara, dunduniya takan zube ƙasa, kuma da wuya babbar saniya ta sake tashi. Idan jijiyoyi biyu da suka gitta juna a cikin gwiwa suka tsinke, a wurin karo ko barbara, nauyin bijimi ba ya barin su su warke. Haka gocewar kwatangwalo da ta kwana biyu, wadda santsi ko faɗuwa wurin lodi a mota ke jawowa. A irin waɗannan, yanka da wuri, kafin nama ya zube, shi ne rahama ga dabba da mai ita. Wani ɗingishin kuwa ƙaya ce ko ruɓa a tsakanin kofato, don haka daga ƙasa ake fara dubawa.

Rashin sani ya fi dare duhu: ana sayar da wanda zai warke a wulaƙance, ana ɗawainiya da wanda ba zai tashi ba. Ƙarfe mai zafi ba ya sauko da ƙoƙon gwiwa, sai dai ya ƙara gyambo a kan ciwo.

Hankalin hukuma a bakin iyaka yana kan annoba. Takardar ƙetare iyaka da ƙungiyar ECOWAS ta tsara wa makiyaya a 1998 tana tambayar yawan garke, da allurar rigakafi, da hanyar da za a bi. Hakan daidai ne, tunda annoba kan share garke ɗungurungum. Amma manomin da shanunsa biyu ne kacal, gurguntar ɗaya rabin dukiyarsa ce, ko da ba ta yaɗuwa.

Gyaran bai fi ƙarfin Jihar Kebbi ba. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato da ta Ahmadu Bello da ke Zariya suna yaye likitocin dabbobi. Abin da ya rage shi ne a ajiye likita, da kayan ƙaramar tiyata, a manyan kasuwannin dabbobi na yankin ranar da suke ci, musamman gab da damina. A kuma koya wa malaman dabbobi, da sarakunan fawa, da arɗo-arɗo tambayoyi uku: wace gaɓa ce ta kumbura, ƙafar na sandarewa ne ko zubewa take yi, kuma tafiya na rage ciwon ko ƙara shi. Wanda ya iya amsa su ya san ko likita zai kira ko mahauci, kuma dillali ba zai yanka masa farashi a cikin duhu ba.