Man Irin Shayi: Alƙaluman Ɗakin Gwaji Ba Shaidar Magani Ba Ne

A kudancin ƙasar Sin, musamman lardunan Hunan da Jiangxi da Guangxi, an daɗe ana matse man girki daga ƙwallon wata bishiya, Camellia oleifera, 'yar'uwar bishiyar ganyen shayi. Mai ne nagari. Kusan kashi 80 cikin ɗari na kitsensa irin wanda ya fi yawa a man zaitun ne, shi ya sa ake masa laƙabi da man zaitun na Gabas. Kada a haɗa shi da man bishiyar Melaleuca ta Ostareliya, wanda sunansu ya yi kama a kasuwa, domin wancan guba ne ga wanda ya sha.

Rigimar tana kan abin da 'yan kasuwa suka ɗora wa man. A kwalba da tallan intanet sai a ce gwaji ya tabbatar yana cike da sinadaran antiyoksidan, saboda haka yana tsare zuciya, yana hana tsufa, yana korar sankara. Rabin farko na maganar gaskiya ne. Rabi na biyu kuwa, gwajin da ake kafa hujja da shi bai taɓa faɗarsa ba.

Antiyoksidan sinadari ne da ke rage ɓarnar iskar oksijin, irin ɓarnar da ke sa ƙarfe tsatsa, ta sa tsohon mai ya canza wari. Man irin shayi yana da su: dangin bitamin E, da sikwalin, da rukunin folifenol. To, yaya ake auna su? Hanya mafi shahara ita ce ta Folin da Ciocalteu. A 1927 aka haɗa ruwan gwajin domin nazarin furotin, sai a 1965 Singleton da Rossi suka daidaita shi don auna folifenol. Ana zuba shi a samfurin, ruwa ya koma shuɗi, na'ura ta auna kaurin shuɗin. Illarsa ita ce ba ya tantancewa: bitamin C da wasu nau'o'in sukari ma suna sa shi shuɗi. Hanya ta biyu, DPPH, ita ma launi ce, daga shunayya zuwa rawaya. Duk abin da suke nunawa shi ne yadda sinadari ya yi da wani sinadari a cikin kwalba.

Jikin mutum kuwa ba kwalba ba ne. Hanji ɗan kaɗan yake tsotsa daga folifenol ɗin da aka ci, hanta ta sauya wa wannan kaɗan ɗin kama, sauran ya fita. Hukumomi ma sun gane haka. Ma'aikatar Noma ta Amurka ta taɓa wallafa jadawalin ƙarfin antiyoksidan na ɗaruruwan abinci bisa ma'aunin ORAC. A 2012 ta janye shi, ta ce alƙaluman ba su nuna abin da ke faruwa a jikin ɗan Adam, kuma kamfanoni suna amfani da su wajen talla ta hanyar da ba ta dace ba. Tun kafin nan, binciken ATBC na ƙasar Finlan, wanda aka fitar da sakamakonsa a 1994, ya bi maza masu shan taba kimanin 29,000. Waɗanda aka ba ƙwayar bita-karotin, sanannen antiyoksidan, sankarar huhu ta ƙaru a cikinsu da kashi 18 cikin ɗari.

Wani zai ce ai Turai ta yarda man zaitun yana da wannan amfani, me zai hana ɗan'uwansa? A duba sharaɗin. Dokar Tarayyar Turai ta 2012 ta ba da izinin cewa folifenol na man zaitun yana taimakawa wajen kare kitsen jini daga ɓarnar oksijin, amma sai idan kowane giram 20 na man yana da aƙalla miligiram 5 na haidiroksitairosol da danginsa. An ambaci sinadari, an faɗi adadi, an taƙaita amfanin, kuma hujjar daga gwaji a kan mutane ta fito. Kamannin kitse ba ya ba man irin shayi damar aron wannan shaida.

Awo yana da ranarsa. Na'urar HPLC tana raba sinadaran ɗaya bayan ɗaya ta faɗi yawan kowanne. Da ita ake ganin yadda tacewar masana'anta ke kwashe yawancin folifenol, wato adadin da aka samu a ɗanyen mai ba shi ne ke cikin tataccen da ke kanti ba. Awo ne kuma ke tona cuta. A 2010 ya bayyana cewa man wani babban kamfani a Hunan yana ɗauke da benzofairin, sinadari mai haddasa sankara, fiye da mikrogiram 10 a kilo da dokar ƙasar ta yarda, kuma an yi watanni ba a sanar da jama'a ba. Wannan shi ne adadin da mai saye ya fi buƙata, kuma ba shi ake bugawa da manyan baƙaƙe ba.

Laifin bai tsaya kan ɗan kasuwa ba. Akwai mai binciken da zai auna launi a kwalba ya rufe rahotonsa da zancen lafiyar zuciya, akwai ɗan jaridar da zai kwafi sanarwar kamfani ya kira ta labarin kimiyya. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Duk wanda ya ce mai magani ne, na irin shayi ko na riɗi ko na habbatussauda, a tambaye shi abu uku: wane sinadari, nawa ne a cikin kwalbar da ake sayarwa, kuma a jikin mutum nawa aka gwada. Idan ya kasa amsawa, a sayi man da farashin man girki, a soya abinci da shi.