Tuwon Salla da Kunyar Banza

A ƙasar Dutsi, da ƙauyukan da ke tsakaninta da Daura, abin da manomi ya fi shukawa shi ne gero da dawa da wake da gyaɗa. Jigawa ce, damina kuwa gajera, shinkafa ba ta yi sai a 'yar fadama nan da can. Amma duk da haka, in Salla ta gabato, sai a ga magidanci ya buɗe rumbu, ya sa an sussuke dami biyar ko shida, ya kai kasuwa ya sayar, don ya sayo shinkafa 'yar waje da taliyar leda da dunƙulen magi. In an tambaye shi dalili, sai ya ce, "Haba! Ina ni ina kai wa surukaina tuwon dawa ran Salla?" To, wannan kunya ta banza ce, tana kuwa cin rumbu fiye da gara.

Mai karatu ya ɗauki fensir ya yi lissafi da kansa, tun da yaƙi da jahilci ya koya masa. A shekarar 2024 Gwamnatin Tarayya ta yanka albashi mafi ƙanƙanta naira 70,000 a wata, a cikin shekarar nan kuwa kuɗin buhun shinkafa mai kilo 50 ya zarce haka. Watau ƙaramin ma'aikaci ya yi aikin wata cur, bai sami buhu guda ba. Ina ga manomi, wanda albashinsa sau ɗaya ne a shekara? Ya sayar da hatsinsa don cin kwana biyu, sa'an nan tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, ya koma kasuwa ya sayi irin hatsin nan da tsada, ko ya ci bashi.

Shinkafar nan da a ke alfahari da ita, mai yawa daga cikinta a ƙasashen Tailan da Indiya aka noma ta, ta sauka Kwatano a jirgin ruwa, ta zagayo ta Nijar, ta shigo ta barauniyar hanya. Saboda ita, da wasu kayan fasa-ƙwauri, Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta 2019, ba a fara buɗe su ba sai Disamba 2020. Kayan aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Abin mamaki, addini bai ɗora wa kowa wannan kaya ba. Zakkar fid da kai da a ke bayarwa a Ƙaramar Salla sa'i guda ce, watau mudun Annabi huɗu, daga abincin da mutanen gari suka fi ci. A Dutsi kuwa wannan abinci gero ne da dawa. Hatsin da ya isa a fitar da shi ibada da safe, yaya za a yi ya zama abin kunya a akushi da rana?

Maganar miya ta fi ta tuwo ban haushi. Daddawa ba a yinta da gaggawa. Sai an ɗebo kalwa daga ɗorawa, a dafa ta wuni guda, a surfe, a wanke ƙwarai har ɓawon ya fita, a sake dafawa, sa'an nan a zuba a masaki a rufe kwana biyu ko uku har ta ruɓa ta yi ƙamshinta, a kirɓa, a dunƙula, a shanya. Inda kalwa ta yi wuya, a kan yi daddawar batso da 'ya'yan yakuwa. Abinci ce mai gina jiki, domin ɗorawa dangin wake ce, gidan da nama ba ya shiga kullum kuwa ita ce namansa. Kuɗinta kuma ba ya barin gari: daga hannun uwargida sai hannun tsohuwar da ke bayan masallaci, wadda da shi ta ke yi wa jikanyarta kayan ɗaki. Dunƙulen magi fa? Wani Bature ne na ƙasar Suwizalan, Julius Maggi, ya kafa kamfaninsa, aka fara dunƙula shi a 1908, kamfanin Nestlé ya saye shi a 1947. Ba guba ba ne, kada a yi masa ƙage. Amma abin da ya fi yawa a cikinsa gishiri ne, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a wuni, kamar ƙaramin cokali guda ke nan. Amarya ta marmasa takwas a tukunyar Salla, ta ƙara gishiri bisa kai, aka zuba wa tsoho mai hawan jini. Sa'an nan miyar gidan Malam, da ta gidan Sarkin Noma, da ta gidan mahauci, duk suka zama baki ɗaya. A dā kuwa yaro ya kan buɗe kwanon da aka aiko, ya ɗanɗana, ya ce, "Inna, wannan daga gidan Gwaggo ne," ba a gaya masa ba.

Wani zai ce, ai wannan ƙin zamani ne. Ba haka ba ne. Tukunyar Bahaushe ba ta taɓa ƙin baƙo ba. Masara da rogo da gyaɗa da barkono da tumatir duk daga nahiyar Amurka suka fito, ba su iso Afirka ba sai bayan 1492, kabewa ma haka. Miyar taushe, wadda ita ce sarauniyar miyar Salla, da kabewa da gyaɗa da barkono a ke haɗa ta, babu kuwa mai ce mata baƙuwa. Waken suya jiya-jiya ya zo, mata suka mai da shi awara, har daddawa suna yi da shi. Bambancin guda ne: waɗannan an shuka su a gonar gida sun tsiro, shinkafar Tailan kuwa sai an sayar da gonar gida kafin a gan ta.

Akwai wata magana wadda ta fi wannan nauyi, ita ce ta mata. Su ke surfe, su ke daka, su ke tankaɗe, su ke tuƙi a gaban wuta, ga azumi a baki ran jajibere. Macen da ta ce, "Malam, a sayo taliya, bayana ya gaji," ba ta yi ƙarya ba, wanda bai taɓa riƙe taɓarya ba kuwa ba shi da bakin zarginta. Amma maganin wannan yana hannun maigida. Injin surfe da na niƙa sun yawaita a garuruwa. Kuɗin da za a kashe wa tiya biyu ta shinkafa ya isa a surfe gero a niƙa, a sayi itace, har a ƙara naman miya. Da geron nan a ke yin burabusko mai warwara kamar kowace shinkafa, da dambu da zogale, da waina mai laushi, da furar da za a tari baƙi da ita in an sauko daga Idi. Ga funkaso da alkaki ga wanda ya sami alkama ta rafi.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 ta zama shekarar gero da danginsa, don suna jure fari, suna kuma riƙe ciki. Manyan likitoci da masana aikin gona suka taru a birane masu nisa suna yabon abin da ke jibge a rumbunan Dutsi. A ƙasar Dutsi kuwa, kamar sauran ƙasar Hausa, ana sare ɗorawa a yi itace da gawayi. Itacen nan ya kan yi shekaru kafin ya fara 'ya'ya, masu dasa shi kuma kaɗan ne, tsofaffin da suka iya kirɓa kalwa kuwa kowace Salla raguwa su ke yi.