Sharhi: Tarbiyyar Gida a Cikin Aji

Sharhinmu na yau ya duba yadda tarbiyyar gida ke bin yaro har cikin aji.

Bayan Yaƙin Basasa ya ƙare a 1970, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙara yawan Kwalejojin Gwamnatin Tarayya, domin ɗan Sakkwato da ɗan Warri su zauna a benci guda. Yau sun haura 100. Sai dai kowane yaro da irin horon da ya taho da shi.

Masanin nan ɗan ƙasar Holan, Geert Hofstede, ya auna yadda al'ummu ke fifita mutum ɗaya a kan jama'a. A ma'auninsa na asali Amurka ta sami maki 91, Afirka ta Yamma kuwa 20. Ilimin boko daga ɓangaren masu fifita mutum ɗaya ya zo mana: ka ɗaga hannu, ka kare ra'ayinka, ka zo na ɗaya.

To, yaron da aka hora da kunya da kara fa? An koya masa ya sunkuyar da kai gaban manya, kada ya nuna ya fi 'yan uwansa. Malamin da bai san wannan ba sai ya ɗauke shi daƙiƙi, ko marar gaskiya don ya ƙi haɗa ido. In ya nuna wa abokinsa hanyar lissafi, a ce satar amsa ce. Shi kuma wanda ya saba yi wa manya tambaya tun a gida, wani malamin ya kira shi fitsararre. Duka biyun an zalunce su.

Makarantar allo ta daɗe da haɗa hanyoyin nan biyu, ƙoƙarin mutum ɗaya da taimakon juna. Kowane almajiri da allonsa, yana tafiya gwargwadon ƙoƙarinsa, amma gardi na biya wa ƙolo karatu, ba wanda ke kiran haka maguɗi.

Saboda haka malami ya fayyace wa ɗalibai tun farkon zango: ga aikin da za a yi a rukuni, ga wanda kowa zai yi shi kaɗai, domin ranar jarrabawar NECO da JAMB ba mai amsa wa wani. Ya kuma bai wa mai kunya damar amsawa a rubuce, ko a madadin rukuninsa.

Muna kira ga kwalejojin horar da malamai da su sa sanin al'adun ɗalibai cikin manhaja. Iyaye kuma su gaya wa 'ya'yansu cewa tambayar malami cikin ladabi ba raini ba ce.

Sharhin ke nan.