Muryar da ta dishe ta ƙi komawa

A zaman asusu na makon jiya wata daga cikinmu, mai suyar ƙosai a bakin tasha, ta tashi za ta faɗi zubinta, sai da mai ajiya ta matso kusa kafin ta ji ta. Muka yi ta dariya, muna ce mata ta rage faɗa da maigida. Da muka tambaya, ashe wata huɗu ke nan muryar a haka. Nan dariya ta ƙare.

A cikin maƙogwaro akwai wasu ƴan tsokoki biyu kamar zare. Iska ce ke kaɗa su, murya ta fito. Idan wani abu ya tsiro a kansu, ba sa haɗuwa daidai, sai murya ta dishe. Yawancin irin wannan tsiro ba kansa ba ne, amma ba a tabbatarwa sai an leƙa an gani. Kuma ba shi ne maƙoƙo ba, wanda ke kumbura wuya daga waje.

Wanda ya fi samun irinmu shi ne ɗan ƙullutu kamar kanta, irin wadda taɓarya ke yi wa hannu. Yawan ɗaga murya ke kawo shi: talla, guɗa, waƙar biki, karantar da yara. Ga hayaƙin murhu, ga ƙurar hunturu. Wannan sau da yawa yana lafawa idan aka huta da murya, aka sha ruwa sosai. Raɗa ba hutu ba ce, ita ma tana gajiyar da maƙogwaro. Akwai kuma wani mai fitowa gefe guda, wanda galibi sai an yi ɗan aiki an cire shi.

To, wanda ya sa muka rubuta wannan shi ne na yara. Ba shi da yawa, za ki iya ƙare rayuwarki ba ki ga ko ɗaya ba, amma yana da haɗari. Likitoci na kiran shi papiloma. Wata ƙwayar cuta ce mai suna HPV, iri na 6 da na 11, ke sa ƙananan tsiro su fito a kan zaren murya, kuma ya fi bayyana kafin yaro ya kai shekara 5. Ana ganin a wajen haihuwa yaro ke ɗaukar ƙwayar. Kada a ɗora wa uwa laifi, ƙwaya ce da ta yi yawa cikin maza da mata, mafi yawansu ba su ma san suna da ita ba. Ba a ɗaukar ciwon ta cin abinci kwano ɗaya, don haka ba dalilin ware yaro.

Alamar farko, kukan yaro ya canza, ya zama siriri ko a dishe. Sannu a hankali sai a riƙa jin ƙara idan yana jan numfashi. A nan ake ɓata lokaci: a ce asma ce, a ce sanyi ne, a ce beli ne, a kira wanzami. Wani bincike da aka yi a Yamai, aka buga a 1994, ya nuna kusan yaro ɗaya cikin biyar an cire masa beli kafin ya cika shekara 5. Mu ma kusan dukkanmu mun riƙe ɗa a gaban wanzami, ba gori muke yi ba. Amma beli a sama yake, inda ido ke gani, shi kuwa wannan tsiro yana can ƙasa inda aska ba ta kaiwa. An zubar da jini, ciwo na nan, hanyar iska kuma tana ƙara tsukewa.

Babba ko yaro, idan murya ta dishe ta wuce mako uku, a je CSI a faɗi tsawon lokacin dalla-dalla, a nemi takardar turawa zuwa wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro, wanda ake ce wa ORL, a Maraɗi. Shi ke leƙawa da ɗan madubi ko siririn bututu mai fitila. Idan kuwa yaro na numfashi da ƙara, ƙasan wuyansa na lotsawa, ba a jiran gari ya waye. Kuma a sani tun farko, papiloma yakan sake tsirowa bayan an cire shi, wani yaron sai an koma da shi sau da yawa. Wannan ba ya nufin aikin bai yi kyau ba, haka ciwon yake.

Saura maganar kuɗi. Tun 2006 gwamnati ta ce kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, amma kuɗin mota daga Agye, Gazawa ko Gidan Rumji, da abinci, da kwanan mai jinya, duk daga aljihu suke. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar nan a 1991, asusun taimako don irin wannan rana aka yi shi. Sai dai mun saba buɗe shi ga wadda ta kwanta kawai, mai dishewar murya kuwa tana yawo da ƙafarta, ba wanda ke mata kallon marar lafiya.

Mu dai a ƙungiyarmu mun fitar wa mai ƙosai kuɗin mota, ƙanwarta za ta riƙe mata kasko kwana biyu. Kowace shugaba ta sa maganar nan cikin zama mai zuwa, kafin a buɗe akwati.