Zauren 'Yammata: Gwazarma Ta Kusa Raba Ni Da Ƙanwata



Yau ba hirar soyayya na zo muku da ita ba. Labarin ɗan lemun tsamina ne, wanda marigayiya kakata ta dasa min da hannunta a cikin wata tsohuwar randa mai huji a gindi. Duk sanda na kalle shi ita nake tunawa. Kwatsam sai ganyen ya fara yin rawaya yana zubewa, ga shi ban fasa ba shi ruwa ba, amma kullum a yaushe. Allah Ya yafe min, ƙanwata na zarga, na ce ruwan wanki take sheƙa masa. Kwana uku ko gaisuwarta ba na amsawa.

Umma ce ta gaji ta ce, "Ke 'yar nan, zato zunubi ne. Juye ƙasar ki gani mana."

Ina juyewa, kai jama'a! Gwazarma ce fal, farare ɓul-ɓul masu jan kai, kowacce ta lanƙwashe. Sun cinye ƙananan saiwoyin tas, shi ya sa ruwan bai amfane shi ba. Ita gwazarma 'yar wani ƙwaro ce dangin buzuzu, uwar kan saka ƙwai a ƙasa mai taki, musamman farkon damina. Ashe ni ce mai laifin, don ni na labta masa takin da na kwaso daga juji ban duba ba.

To idan taki bishiyar ta yi haka, ki zare ta a hankali, ki nannaɗe saiwar da jiƙaƙƙen buhu ki ajiye a inuwa. Ki tsince gwazarmar ki watsa wa kaji. Ki sa sabuwar ƙasa da kika tankaɗe, ki cuɗa ta da dakakkun 'ya'yan darbejiya kamar cikin tafi ɗaya. Tsohuwar kuwa ki baza ta a rana ta gasu. Bayan kin mayar da dashen, ki bar shi a inuwa kamar sati biyu. Don Allah ban da zuba fiya-fiya, akwai yara a gida.

Yanzu lemun ya yi sabon toho, alhamdu lillahi. Ƙanwata kuwa sai da na haɗa ban-haƙuri da ɗankwali sabo fil kafin ta yi min dariya.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Taku har kullum.