Tun Ran Gini Ran Zane: Tambayi Tarihin Fili Kafin Ka Kafa Harsashi

Wani malamin makaranta ya aiko mana da takarda, ya ce a garinsu akwai wata tsohuwar ma'aikata da ta daɗe a rufe, yanzu an rushe ta, an yanka wurin fuloti-fuloti ana sayarwa da araha. Yana tambaya, shin akwai laifi mutum ya gina gida a inda aka taɓa yin irin wannan aiki? Tambayar nan ba tasa ba ce shi kaɗai, saboda haka muka ga ya kamata mu amsa ta a nan, kowa ya ji. Amsar a taƙaice ita ce, ana ginawa, amma sai bayan an bincika. To, ga labarin waɗansu da suka gina ba su bincika ba.

A ƙasar Amurka, cikin Jihar Niyok, akwai wani gari a bakin kogin Nayagara, sunansa Nayagara Fols. Wajen shekarar 1894 wani mutum, William Love, ya fara haƙa wata babbar magudana a can, da nufin ya karkato ruwan kogin ya sami wutar lantarki, ya kafa sabon birni. Kuɗi suka yanke masa, aiki ya tsaya, aka bar wani dogon rami wanda bai wuce mil guda ba. Ruwa ya taru a ciki kamar kududdufi, yaran unguwa suna zuwa wanka. Wurin nan shi a ke kira Love Canal, wato magudanar Love.

Daga 1942 zuwa 1953 wani kamfani mai haɗa sinadarai, Hooker, ya mai da ramin nan jujinsa. Ya zuba sharar ma'aikatarsa fiye da tan 21,000, mai yawa daga ciki a gangunan ƙarfe, sa'an nan ya rufe da yumɓu, ciyawa ta tsiro a bisa. Baƙo in ya zo wucewa sai ya ce makiyaya ce.

Ana nan gari yana ta cika, hukumar makarantu tana neman fili. A 1953 kamfanin ya sayar mata da wurin a kan dala ɗaya tak. A cikin takardar ciniki an rubuta ƙarara cewa akwai sharar sinadarai a binne, kuma kamfani ya ce ba ruwansa da duk abin da ya auku daga baya. Masu hukuma suka sa hannu. Da magina suka fara haƙa harsashi sai suka ci karo da sharar nan. Maimakon a tsaya a sake shawara, sai aka ɗan gusa da ginin gefe kaɗan, aka ci gaba. A 1955 aka buɗe makarantar, da yara wajen 400. Gidaje suka biyo baya, suka kewaye wurin, yawancin masu saye kuwa ba su san abin da ke kwance kusa da su ba.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Garin haƙa magudanun ƙazanta da shimfiɗa hanyoyi aka huda yumɓun da ya tsare sharar, ruwan sama ya sami hanya, gangunan kuma suka yi tsatsa suka ruɓe. A 1976 da 1977 aka yi ruwa da ƙanƙara masu yawan gaske, ramin ya cika ya tumbatsa. Baƙin ruwa mai wari ya riƙa tsattsafowa ta bangon ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, itatuwa da shuke-shuke suka bushe, yara suna komowa daga wasa da ƙuna a hannu da fuska. Wata matar aure, Lois Gibbs, wadda ɗanta ke makarantar nan kuma ba ya rabuwa da ciwo, ta riƙa bi gida gida tana tambayar maƙwabta, har suka haɗa kai suka kai kuka. Da aka auna, aka tarar da sinadarai iri fiye da 200, waɗansu masu kawo ciwon daji. Likitocin Jiha kuma suka ga ɓari ya yi yawa ga matan da ke zaune kusa da ramin.

Ran 2 ga Agusta 1978 babban jami'in lafiya na Jihar ya ce a rufe makaranta, masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara biyu su tashi. Bayan kwana biyar Shugaban Amurka na lokacin, Jimmy Carter, ya ce a kai agajin gaggawa. Aka fara tada gida 239, daga baya waɗanda aka tayar suka haura iyali 800. A ƙarshen 1980 aka kafa doka ta ƙasa duka, da asusun dala miliyan 1,600, don gyaran irin waɗannan wurare da bin masu laifi su biya. A 1995 kamfanin Occidental, wanda ya saye Hooker, ya yarda ya biya Gwamnatin Tarayya dala miliyan 129. Sai a 2004 aka ce aikin gyara ya ƙare. Sharar kuwa ba a kwashe ta ba, an dai sake rufe ta, an kewaye da waya, ana tatse ruwan da ke fita daga cikinta ana tacewa. Kun ji fa abin da filin dala ɗaya ya jawo.

To, jama'a, mene ne abin lura a nan? Ba a ɓoye wa hukumar makarantu kome ba, an ma rubuta mata. Abin da aka rasa shi ne wanda zai tsaya ya ce, mene ne ainihin abin da ke ciki, ina zai bi ya fita, wa zai taɓa? Tambayoyin nan uku su ne tushen aikin masu binciken ƙasa a yau. Suna cewa haɗari ba ya tabbata sai abu uku sun haɗu, wato gubar kanta, da hanyar da za ta bi, da mutumin da za ta tarar. Maciji in yana cikin rami an toshe bakinsa, ba ya saran kowa. Ran da aka buɗe ramin aka shimfiɗa tabarma a kusa, ran nan ne magana ta sake. Gina gidaje a kufan ma'aikata yana iya yin duka biyun a lokaci guda: haƙa ya buɗe hanya, ginin ya kawo mutane.

Saboda haka ne filin da ya isa a yi sito a kansa, da daɓen siminti da ma'aikata manya masu tashi da yamma, ba lalle ne ya isa a yi gida ba. A gida akwai mai rarrafe da ke kai kome baki, akwai mai ciki, kuma dare da rana a ke zaune shekara da shekaru. A Ingila ma'aunin da a ke bi don gida mai lambu ya fi na kanti ko ofis tsanani nesa ba kusa ba.

Yaya a ke binciken? Mataki-mataki ne, kuma na farko ba ya bukatar ko shebur. Tarihin wurin a ke nema: tsofaffin taswirori na ofishin safiyo, da takardun mallaka, da hotunan da aka ɗauka daga sama, da bakin tsofaffin ma'aikata da dattawan unguwa. Me a ke yi a nan? Ina tankin mai ya ke? Ina a ke zubar da ruwan aiki, ina a ke binne shara? Kowace sana'a da irin abin da ta ke bari. Majema ta zamani tana barin gishirin jima da a ke kira kuromiyam, wurin fasa batir yana barin dalma, gidan mai da gareji suna barin fetur da baƙin mai, masaƙa tana barin dagwalon rini. Wanda ya san sana'ar ya san abin da zai nema.

Na biyu, a taka wurin da ƙafa. A duba inda ciyawa ta ƙi fitowa alhali ta fito ko'ina, da inda ƙasa ta sake launi, ko ta lotsa, ko ta ke wari bayan ruwa. Amma kada a dogara ga ido da hanci kawai, don dalma ba ta da wari, kuma ƙasar da ke ɗauke da ita ba ta bambanta da sauran ƙasa.

Na uku, a haƙa ramukan gwaji, a ɗebi ƙasa daga sama da tsakiya da can ƙasa, a ɗebi ruwan ƙarƙashi, a auna iskar da ke tashi daga ƙasa, a kai ɗakin gwaji. Nan ne amfanin mataki na farko ke bayyana. Guba ba ta watsuwa daidai wa daida, tana iya taruwa a kusurwa guda, wanda bai san tarihin wuri ba ya haƙa rami goma duk ya kuskure ta, ya ba da shaidar lafiya a kan ƙarya. Ruwa kuma a auna shi da rani, a auna da damina. Ai mutanen Love Canal sun shekara ashirin da abin a gefensu, sai da ruwa ya taso ya fito da shi sosai.

Na huɗu, in an sami guba, a yanke shawarar abin yi. Ko a kwashe ƙasar a kawo sabuwa, ko a rufe ta da abin da ruwa ba ya ratsawa a hana haƙa, ko kuwa a ce wurin nan bai dace da gida ba, a yi wani abu dabam. Gyaran ma sai da hankali. A garin Kobi na Ingila, bayan an rufe ma'aikatar ƙarfe a 1980, an riƙa jigilar gurɓatacciyar ƙasa cikin manyan motoci ba rufi, ƙura tana bin gari. Aka haifi yara da naƙasa a hannu da ƙafa, a 2009 kuma babbar kotu ta sami hukumar garin da sakaci.

Kada wani ya ce wannan zancen Turawa ne. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, yara wajen 400 suka rasu saboda dalmar da ke cikin dutsen zinariya da a ke niƙawa a cikin gidaje. Gubar a ƙasar tsakar gida ta kwanta, daga nan ta bi hannun yara zuwa baki. Magani bai yi amfani ba sai da aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa, don yaron da aka yi wa magani in ya koma kan ƙasar nan sai ciwo ya dawo. Ga shi kuma yawancin masaƙun Kakuri a Kaduna sun daɗe a rufe, haka ma'aikatu da dama a Bompai da Sharaɗa a Kano, gari kuwa kullum matsowa ya ke yi. Ba mu ce kowane irin wannan wuri yana da guba ba, cewa muka yi ba mai iya rantsuwa sai an auna. Mu ma hanyoyinmu sun fi na Amurka yawa. Mukan haƙa rijiya a tsakar gida mu sha, mukan buga tubali da ƙasar fulotin, mu shuka zogale da alayyafo a bayan ɗaki, kaji su yi tono mu ci ƙwansu.

Saboda haka ga shawararmu. Mai saye, tambayi abin da aka yi a filin kafin ka biya, ka nemi takardar awo, ka duba wa ya yi awon, kuma a ina ya haƙa. In mai sayarwa ya fusata don ka tambaya, to, ka sami amsa. In kun yi yawa, ku haɗa kuɗi ku sa a auna muku, ai ya fi kuɗin asibiti sauƙi. Masu hukuma kuma, akwai dokar auna illar manyan ayyuka ga muhalli tun 1992, akwai hukumar NESREA tun 2007. Abin da ya rage shi ne kada a yanka fuloti a kufan ma'aikata sai an ga shaidar bincike, kuma a ajiye tarihin kowane irin wannan fili a inda talaka zai iya zuwa ya gani. Gargaɗin da ke kulle cikin akwatin ofis bai tsare yaro ko ɗaya ba a Love Canal.

Malamai da akawuna, ku ne masu karanta wa jama'a takardu, ku a ke kawo wa takardar ciniki ku duba. In an kawo muku, ku ƙara da tambaya guda: da can me a ke yi a wurin nan? Matambayi dai ba ya ɓata. Allah ya ba mu muhalli mai albarka, amin.